Soson da ke kashe murjani a ƙarƙashin teku: tambayoyi da amsoshi

Ɗaliban wata sakandare a Gombe ne suka kawo waɗannan tambayoyin bayan darasin halittun ruwa.

Malam, shin murjani dutse ne ko tsiro?

Dabba ne. Ƙananan halittu ne masu taushi da ke zaune dubbai wuri guda, kowacce tana gina wa kanta ƙoƙo mai tauri da sinadarin farar ƙasa, irin wanda ke cikin dutsen da ake fasawa a Ashaka ana yin siminti. A cikin namansu akwai wasu ƙwayoyin gansakuka da ke sarrafa hasken rana su ciyar da su. Tudun murjani bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi 25 cikin 100 na nau'o'in halittun teku sun dogara da shi.

To shi soson fa?

Shi ma dabba ne, ba soson wanka da ke yaɗo a jikin danga ba. Yawancin ire-irensa ma amfani suke yi, suna tace ruwa. Kaɗan ne ke ta'adi.

Ta yaya yake kashe murjanin?

Wanda ya fi ƙaurin suna shi ne Terpios hoshinota. An fara lura da ɓarnarsa a tsibirin Guam a farkon shekarun 1970, aka ba shi wannan suna a 1993. Siriri ne ƙwarai, kaurinsa bai wuce milimita 1 ba, launinsa toka-toka zuwa baƙi, shi ya sa a Japan da Taiwan ake ce masa baƙar cuta. Daga gefe yake farawa, ya miƙa 'yan zarurruka su kama, sannan ya shimfiɗu a kai, milimita 1 ko 2 a rana. Murjanin da aka lulluɓe ba haske, ba hanyar kama abinci, sai mutuwa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne siffar murjanin tana nan daram, rassa da ramuka duka, baƙin mayafi ne kawai a kan gawa. Ƙarfin soson kuwa daga wasu ƙwayoyin bakteriya ne da suka cika jikinsa, su ma da hasken rana suke yin abinci. An gan shi a Indunusiya da Maldibs, har da babban tudun murjani na Ostareliya.

A tekun Karibiyan akwai Cliona delitrix, ja ne, shi kuma ciki yake shiga yana rarake ƙashin har ya yi rauni.

Laifin soson ne kaɗai?

A'a, da hannunmu a ciki. Ruwa ya yi zafi, murjani ya kori gansakukarsa ya yi fari fat. Ga dagwalon birane da laka na kwarara teku. Mai rauni kuwa ba ya iya kare filinsa. Ku tuna yadda kacalla ta toshe fadamun Haɗeja da Jama'are bayan tafiyar ruwa ta sauya. A Karibiyan an ga cewa inda masunta suka kwashe kifayen da ke cin soso, can ya fi hawa kan murjani. Sai dai Terpios yakan ɓulla har a tsabtataccen ruwa.

Ana iya kankare shi?

Da wuya, domin ɓurɓushinsa na iya sake tsirowa a wani wurin. Rage gurɓata ruwa da taƙaita kamun kifi a wuraren ya fi amfani.