Zuwa Berlin Gudun Fanfalaki: A Yi Tseren Tukuna, Yawon Gari Ya Biyo Baya

Da yawa daga cikin mutanenmu da suke gudun safe a Abuja da Kano da Kaduna da Jos sun fara ne domin rage ƙiba ko shawo kan hawan jini, daga baya sha'awa ta kai su gasar gudun fanfalaki ta Legas da ake yi galibi a watan Fabrairu tun 2016, yanzu kuma wasu sun fara hangen manyan gasannin ƙasashen waje. A matsayina na ma'aikacin lafiya ina farin ciki da wannan, domin gudu yana daga cikin abubuwan da suka fi kare zuciya. Sai dai wanda ya tara kuɗin jirgi da otal da biza da rajista, ya ɗauki hutu daga wurin aiki, yakan so ya ci moriyar tafiyar ta kowace fuska: ya zaga gari, ya yi tsaraba, ya ɗauki hoto, sannan ya yi gudun kilomita 42.195 ko da jikinsa yana nuna masa cewa bai kamata ba. Yawancin wahalar da matafiya irin waɗannan ke sha daga nan take tasowa, wato daga kwanakin da ke gaban tseren da bayansa.

Zan ɗauki gasar Berlin a ƙasar Jamus misali, domin tana cikin waɗanda aka fi buri. Ana yin ta ranar Lahadi a ƙarshen-ƙarshen Satumba, an fara ta a 1974, hanyarta shimfiɗaɗɗiya ce babu hawa da gangara sosai, a can ne Eliud Kipchoge na Kenya ya gama cikin awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9 a 2022, kuma a 2024 fiye da mutum 50,000 suka kai ƙarshenta.

Shirin lafiya yana farawa ne tun kafin a sayi tikiti. Duk wanda ya haura shekara 35, ko yake da hawan jini ko ciwon suga, ko wani a danginsa ya taɓa yanke jiki ya mutu yana da ƙuruciya, ya kamata ya ga likita a auna jininsa, a yi masa gwajin bugun zuciya na ECG, ya kuma faɗi gaskiya idan yana jin ciwon ƙirji ko jiri ko bugun zuciya marar tsari lokacin atisaye. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2012 ya duba masu tsere miliyan 10.9 tsakanin 2000 da 2010, ya samu mutum 59 da zuciyarsu ta tsaya, 42 daga cikinsu suka rasu. Adadin kaɗan ne ƙwarai, bai kai ya hana kowa gudu ba, amma akasarinsu maza ne, kuma a waɗanda aka gano musabbabi, ciwon zuciya ne da ke ɓoye tun kafin ranar. Gwaji ba ya kama kowace matsala, amma yana kama waɗanda za a iya magancewa.

Akwai abubuwa biyu da suka shafe mu musamman. Na farko rukunin jini: kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. Mai AS zai iya gudun fanfalaki, amma jininsa ba ya jure haɗuwar zafi da ƙarancin ruwa da matsanancin ƙoƙari kamar na mai AA, kuma ya fi shiga haɗarin lalacewar tsoka da ke taɓa ƙoda. Ya san rukuninsa, ya rubuta shi a bayan lambar da zai maƙala a ƙirji, inda masu gasa ke barin gurbin bayanan lafiya da lambar wanda za a kira. Mai sikila kuwa kada ya shiga sai da izinin likitan jininsa. Na biyu zazzaɓin cizon sauro. Sauron da ya ciji mutum a Kano mako guda ko biyu kafin tafiya zai iya kwantar da shi a otal a Berlin, likitan can kuma ba lallai tunaninsa ya je kan maleriya ba sai an gaya masa daga inda aka fito. A kwana cikin gidan sauro a makonnin ƙarshe, a yi gwaji da zarar jiki ya yi ɗumi. Wanda ya tashi da zazzaɓi a makon tsere, kowane iri ne, ya haƙura da gudun. Ƙwayar cuta na iya kumbura tsokar zuciya, gudu a wannan hali kuma yana iya kashe mutum mai cikakkiyar lafiya. Na san maganar tana da nauyi ga wanda ya kashe miliyoyi, amma gasar tana nan baɗi. Mata kuma su duba yawan jininsu tun da wuri, saboda ƙarancin sinadarin ƙarfe yakan ɗauki watanni kafin ya gyaru.

Bizar Turai ta Schengen ba ta fita sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, amma wasu takardun inshorar suna cire raunin da aka samu a gasar wasanni, don haka a karanta sharuɗɗan ko a tambaya a rubuce. Magungunan da ake sha kullum su zauna a kwalinsu na asali cikin jakar hannu, tare da takardar likita.

Daga Abuja zuwa Frankfurt kimanin awa shida ne a sama, wanda ya tashi daga Kano ta Alkahira ko Adis Ababa ko Doha kuwa yana iya shafe yini guda a hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa zaman awa huɗu ko fiye a wuri guda cikin tafiya yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, duk da cewa a cikin matafiya 6,000 kusan mutum ɗaya abin ke samu. A nemi kujerar bakin hanya, a riƙa tashi ana takawa, a sha ruwa, a sa safa mai matse sharaɓa idan an samu. Sa'ar da aka yi da Berlin ita ce awa ɗaya kacal take gaban Najeriya da Nijar a watan Satumba. Mai zuwa New York a Nuwamba zai tarar da bambancin awa shida, mai zuwa Tokyo a Maris awa takwas, kuma jiki yana bukatar kusan kwana guda ga kowace awa kafin barcinsa ya daidaita.

Yanzu ga inda aka fi yin ɓarna. Mutum ya sauka ranar Alhamis ko Juma'a, ya je da fasfonsa ya karɓi lambarsa a babban zauren baje koli, ya tsaya a layi, ya zaga rumfunan takalma da riguna na tsawon awa biyu ko uku. Washegari Asabar ya ce tunda ya zo bari ya ga gari: ya taka daga Ƙofar Brandenburg ya bi titin Unter den Linden zuwa Alexanderplatz, ya shiga gidajen tarihi na tsibirin da ke kan kogin Spree, ya wuce ya bi ragowar katangar da ta taɓa raba Berlin gida biyu, mai zane-zane, wadda ita kaɗai tsawonta kilomita 1.3 ne. Kafin magariba ya yi tafiyar kilomita goma ko fiye ba tare da ya lura ba, galibi a tsaye, a kan dutse, wani lokaci cikin sabon takalmin da ya saya jiya. Da dare ya cire safa ya ga diddige ya yi bororo, sharaɓa ta yi tauri, tafin ƙafa yana zogi. Makonni biyu ko uku da ya yi yana rage atisaye domin tsoka ta huta ta tara abinci sun tafi a banza, kuma zai gane haka ne a wajen kilomita 30, inda ajiyar sitaci a tsoka ke ƙarewa ko ga wanda ya huta. Alhazai sun san irin wannan: wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a kasuwannin Makka shi ne ke galabaita ranar Arfa.

Ba cewa nake a kulle kai a ɗaki ba. Ana iya ganin Berlin a zaune. Motar bas mai lamba 100 tana bi ta gaban manyan wuraren tarihi da kuɗin tikiti na yau da kullum, ko da yake akan rufe wasu tituna a ƙarshen makon tseren, jiragen ruwa kuma suna zaga tsakiyar gari a kan kogin Spree cikin awa guda. Mai son sallar Juma'a zai iya shiga jirgin ƙasa zuwa masallacin Şehitlik kusa da tsohon filin jirgin Tempelhof. Ranar Asabar dai ta hutu ce: ɗan gudu na minti ashirin da safe, sai a ɗora ƙafa a kan matashi.

Abinci ma haka. Daren tsere ba lokacin gwada abincin da ciki bai saba da shi ba ne. Shinkafa da taliya da dankali da burodi suna ko'ina, shagunan Turkawa da Larabawa a unguwannin Neukölln da Kreuzberg suna da naman halal, ruwan famfo kuma mai kyau ne. A tuna cewa yawancin shaguna a Jamus a rufe suke ranar Lahadi, don haka abin karin kumallo a saye shi tun Asabar. A cikin gudu jiki yana bukatar giram 30 zuwa 60 na sitaci ko suga a kowace awa, kuma wanda ya saba da dabino a atisayensa ya ci gaba da dabinonsa, kada ya karɓi abin da bai taɓa sha ba don ana rabawa kyauta a hanya.

Safiyar Berlin a wannan lokaci takan yi sanyin digiri goma ko kusa da haka, kuma ana daɗe a tsaye a dajin Tiergarten, inda ake fara tseren, kafin a saki kowane rukuni bayan ƙarfe tara. A zo da tsohuwar rigar sanyi da za a iya yarwa a bakin layi. Amma yanayi ba shi da tabbas. A Afrilun 2018 an yi gasar Boston cikin ruwan sama da iska da sanyi mai tsanani har masu gudu da yawa suka kwanta a tantin likitoci, bayan kwana shida aka yi ta Landan cikin zafin digiri 24, mafi zafi a tarihinta zuwa lokacin, wani matashi kuma ya faɗi a hanya ya rasu. A 2007 sai da aka dakatar da gasar Chicago saboda zafin da ya kai digiri 31. Mutumin Sakkwato ko Maraɗi zai iya raina digiri 24, amma mu da asuba muke atisaye, alhali a can mai gudun awa biyar cikin tsakar rana zai gama, jikinsa yana ƙera zafi tun safe. Wanda ya fara tangaɗi ko magana ba kan gado yana bukatar a sanyaya shi nan take da ruwan sanyi, a kira masu agaji. Lambar gaggawa a duk Tarayyar Turai 112 ce.

Tsoron ƙishirwa kuma yana jefa wasu cikin haɗarin da ba a cika sani ba, wato shan ruwa fiye da kima har gishirin jini ya tsinke. A gasar Boston ta 2002 an auna jinin mutum 488 bayan sun gama, aka samu kashi 13 cikin ɗari gishirinsu ya yi ƙasa, kuma a wannan gasar wata mata mai shekara 28 ta rasu saboda haka. Abin ya fi samun masu gudu a hankali, waɗanda ke tsayawa a kowane teburi su shanye kofi biyu ko uku. Alamominsa ciwon kai da amai da kumburin yatsu da ruɗewa, kuma ƙara wa mai wannan hali ruwa yana ƙara masa ciwo ne. Hanya mai sauƙi ita ce tun a gida mutum ya hau sikeli kafin gudun awa guda da bayansa. Kowane kilo da ya ragu kimanin lita ɗaya ce ta gumi. Da wannan zai san bukatarsa, ya sha idan ya ji ƙishi, ya kuma sani cewa bai kamata ya gama tsere ya fi yadda ya fara nauyi ba.

Dole in yi magana a kan maganin ciwon jiki, domin al'adarmu ce mu haɗiye shi kafin aiki mai wuya. Ibuprofen da diclofenac suna rage jinin da ke zuwa ƙoda a daidai lokacin da gudu ya riga ya rage shi, suna kuma iya jawo zubar jini a ciki. Kada a sha su kafin tsere ko a cikinsa. Tramadol ya fi muni: yana ɓoye ciwon da ya kamata ya tsayar da mutum, yana iya jawo farfaɗiya, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun Janairun 2024, kuma ɗaukarsa ba takardar likita na iya kai matafiyi gidan yari a ƙasashe irin su Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

Bayan an wuce ta ƙarƙashin Ƙofar Brandenburg, dab da ƙarshen tseren, an karɓi lambar yabo, lokacin yawo ya yi, kuma a nan tafiya a hankali magani ce, domin tana sassauta tsoka tana motsa jini. Shawarata ita ce a tsara hutun ta yadda kwana biyu ko uku za su rage bayan tseren. Litinin a fara da kaɗan, a ci abinci sosai, a bi lif maimakon matakala, Talata a hau ƙubbar majalisar dokoki ta Reichstag, wadda shigarta kyauta ce amma sai an yi rajista tun da wuri, a je katanga da gidajen tarihi a natse. Wannan tsari yana kuma hana abin da ya fi damuna, wato mutum ya gama tsere da rana ya hau jirgi da dare, jikinsa a bushe, tsokarsa a kumbure, ya zauna awa shida ko goma ƙafa a lanƙwashe.

Ciwon cinya na kwana biyu zuwa huɗu abu ne da aka saba. Abin da ba a jira da shi shi ne fitsari ya koma launin baƙin shayi ko ya ragu ƙwarai, domin alama ce ta tsokar da ta narke tana toshe ƙoda. Haka nan idan sharaɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, ko numfashi ya fara sarƙewa, ko ƙirji ya riƙa suka, ko da bayan mako biyu ko uku da dawowa gida ne, a tafi asibiti a ranar, kada a kai ƙafar wajen mai tausa ko mai ɗori, kuma a gaya wa likita a fili cewa an yi gudun fanfalaki an kuma yi doguwar tafiya a jirgi.