Waiwaye: Asalin gardamar tantance tsofaffin motocin ƙarfi na Amurka

Duk watan Janairu, idan aka buɗe manyan kasuwannin gwanjon motoci a Scottsdale ta jihar Arizona da Kissimmee ta jihar Florida, gardama ɗaya ce ke tashi tsakanin masu tara tsofaffin motoci. Za a turo mota tana sheƙi, a yi shelar cewa injin da ke cikinta shi ne wanda ta fito da shi daga masana'anta, amma kafin a buga guduma wasu sun fara yaɗa hoton lambar injin a intanet suna cewa sabon bugu ne. Motocin da ake wannan ja-in-ja a kansu su ne waɗanda Amurkawa ke kira muscle car, wato matsakaitan motoci masu ƙofa biyu da aka ɗora wa manyan injuna masu silinda takwas, daga 1964 zuwa farkon shekarun 1970. Kuɗin da ke ciki ba na wasa ba ne. A watan Yunin 2014 an sayar da Plymouth Hemi 'Cuda ƙirar 1971 mai buɗaɗɗen rufi a kan dala miliyan 3.5 a birnin Seattle, kuma irinta da aka ƙera a waccan shekara ba su wuce goma sha biyu ba. Mota mai irin wannan bodi da ƙaramin inji ba ta ko kama ƙafar wannan farashi.

Mutane da yawa suna ɗauka matsalar ta fara ne lokacin da farashi ya yi tashin gwauron zabi a shekarun 2000, aka riƙa nuna gwanjo kai tsaye a talabijin. Tashin kuɗi ya jawo masu haɗa jabu, babu musu. Sai dai ƙofar da suka shigo ta ciki an bar ta a buɗe tun kusan shekara talatin kafin nan.

Farkon labarin sananne ne. A 1964 Pontiac ta ɗora inji mai lita 6.4 a motarta Tempest LeMans, ta sa masa suna GTO a kan ƙarin kusan dala 300, aka sayar da 32,450 a shekarar farko. Sauran kamfanoni suka bi sahu: Chevelle SS, Road Runner, Charger R/T, Mustang Boss. A 1970 abin ya kai ƙololuwa, da Chevelle mai injin LS6 mai ƙarfin doki 450 da injin Hemi na Chrysler mai 425.

Abin lura shi ne yawancin waɗannan motoci ƙarin kaya ne kawai a kan motar kowa da kowa. GTO ta 1964 da 1965 ba ta da lambar mota (wato lambar shaida da masana'anta ke bugawa a jikin mota, ba ta rajista ba) tata daban da ta LeMans, sai a 1966 ta samu. Chevelle SS ta kamfanin Chevrolet kuwa tana da tata lambar daga 1966 zuwa 1968, a 1969 ta koma zaɓin kaya, don haka lambar da ke bayan gilashi ba za ta gaya maka SS ce ko Malibu, wato Chevelle ta kowa da kowa, ba. Lambar motocin Chevrolet ba ta fara nuna irin injin da ke ciki ba sai ƙirar 1972. Hatta a mota ɗaya akwai bambanci: Camaro Z/28 ta 1969 da aka haɗa a Norwood ta jihar Ohio daga tsakiyar Disambar 1968 tana ɗauke da alamar da ke nuna Z/28 ce a farantin bodi, wato ƙaramin farantin ƙarfe mai bayanan motar, wadda aka haɗa a Van Nuys ta California ba ta da ita. Chrysler, mai ƙera Plymouth, ce ta fi sauƙi, domin harafin R a gurbi na biyar na lambar mota yana nufin injin Hemi a ƙirar 1970 da 1971. Buga wani ɓangare na lambar mota a jikin inji da giya, wanda ya zama ruwan dare daga ƙirar 1968, an yi shi ne don maganin ɓarayin mota. Babu wanda ya zauna ya tsara waɗannan lambobi don su zama shaidar dukiya bayan rabin ƙarni.

Shekarun da ba a cika tsayawa a kansu ba, kuma a ganina nan tushen yake, su ne daga 1972 zuwa tsakiyar shekarun 1980. Kamfanonin inshora sun ɗora wa masu manyan injuna kuɗi mai nauyi, musamman matasa. Dokar tsabtace iska ta 1970 da sauyawa zuwa fetur marar dalma sun sa aka rage ƙarfin injuna, Hemi ya ƙare a 1971. A watan Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka sa wa Amurka takunkumi, layuka suka cika gidajen mai, a 1974 aka ƙayyade gudu a mil 55 a awa, kusan kilomita 90. A shekarar ce aka daina ƙera GTO da Barracuda da Challenger. Wahalar mai ta sake dawowa a 1979 bayan juyin juya halin Iran. Motar da jiya ake alfahari da ita ta zama mai zuƙar fetur da kowa ke neman kai da ita.

Wa ya saye su? Yara 'yan sakandare da masu tseren kwata mil a ƙarshen mako. Yaro ya taka mota har inji ya fashe, ya je wurin masu sayar da kayan matattun motoci ya ɗauko wani ya ɗora, tsohon kuma a sayar da shi a matsayin ƙarfe. Babu ha'inci a cikin wannan ko kaɗan. Daidai yake da yadda direban motar haya a wurinmu ke sauke inji ya ɗora na Beljiyam don aiki ya ci gaba. Wasu injunan ma tun motar na ƙarƙashin garanti dillali ya canza su, shi ya sa ake ganin injunan Chevrolet masu harafin CE a maimakon lambar motar. Wanda injinsa bai fashe ba, ya kai shi gyara, mai injin aski ya aske fuskar injin don ta daidaita, kuma a injunan Chevrolet lambar tana kan wannan fuskar ne, sai ta tafi tare da ƙurar ƙarfe. Kafireta ta asali, da bututun hayaƙi, da kayan rage hayaƙi, duk an cire an jefar an sa na kasuwa masu ƙarin gudu. Yau ana neman waɗannan kaya ruwa a jallo.

Bodi ma bai tsira ba. A jihohin arewa irin su Michigan da Ohio da New York ana zuba gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, tsatsa ta cinye ƙasan mota da gefenta. Mai gyaran bodi ya yanke ya yi walda da na wata motar, wani lokaci har da sassan da ke ɗauke da ɓoyayyun lambobi. Takardu kuwa su suka fi shan wahala. Takardar da ke bin mota a layin haɗawa tana lissafa duk abin da za a ɗora mata, ma'aikata ne kawai ke amfani da ita, in an gama su cusa ta cikin kujera, ko ƙarƙashin kafet, ko saman tankin mai. Mai ɗinkin kujera da ya ci karo da ita a 1978 shara ya gani. Akan ma sami takardar wata mota a cikin kujerar wata, domin a layin haɗawa babu wanda ya damu.

Ajiye rasit na shekara hamsin ba al'adar kasuwanci ba ce a lokacin, don haka abin da ya tsira a rumbuna sa'a ce. Rasitan Pontiac sun tsira, shi ya sa mai sayen GTO yau zai iya neman kwafin rasitin masana'anta ya huta. Bayanan kwamfutar Ford daga 1967 suna nan, ana fitar da rahoto daga cikinsu. Katunan bayanan ƙera mota na Chrysler sun tsaya a 1967, wato kafin shekarun da motocinta suka fi tsada. Na Chevrolet, cikakken bayanin kayan kowace mota ya fi samuwa ga waɗanda aka ƙera ko aka sayar a Kanada. Kamfanonin da ke ba da tarihin mota ta intanet ba su da amfani a nan, domin sun dogara ne da lamba mai gurbi 17 da aka fara a 1981. 'Yan tsirarun da suka farga da wuri su ne ƙungiyoyin masoya mota. Ƙungiyar masu Shelby, wato motocin Ford da kamfanin Shelby ya ƙara wa ƙarfi, da aka kafa a 1975 ta tattara rajistar motocin, ta kuma ɓoye lambobin Ford da ke daidai da lambobin Shelby, don kada mai haɗa jabu ya san abin da zai buga. Wannan dabara ta yi aiki fiye da dogon wa'azi.

Da yaran nan suka girma suka yi kuɗi, suka dawo neman motocin ƙuruciyarsu, sai suka tarar shaidu sun watse. Littattafan fassara lambobi da aka buga sun taimaki mai saye, sun kuma koya wa macuci abin da ake dubawa. Aka fara samun farantin bodi sabon bugu, da takardar da aka tsufar da gangan, da lambar inji da aka sake bugawa. LS6 guda 4,475 aka ƙera a 1970, amma masu tara motoci suna barkwanci cewa waɗanda ke yawo yau sun fi haka yawa. Masu tantancewa sai suka koma duba abin da ke da wuyar kwaikwayo: siraran layukan da injin masana'anta ya bari a wurin lamba, siffar haruffa, kusoshin da suka riƙe farantin lambar masana'anta, da jerin kwanaki, domin dole ranar zuba ƙarfen inji ta riga ranar haɗa shi, ita kuma ta riga ranar haɗa mota. Wannan ne ya sa motar da ba a taɓa gyarawa ba, da fentinta da ya koɗe, ta zama abin koyi a baje kolin da ake yi duk Nuwamba a Rosemont kusa da Chicago.

Motar da aka mayar kamar GTO ko SS aka faɗa a fili ba ta damun kowa, tana da nata farashin. Inda har yau ba a daidaita ba shi ne motar gaske da tsatsa ta cinye. Canza lambar mota laifi ne a dokar tarayyar Amurka, kodayake a 2022 jihohin Kansas da Arizona sun sassauta wa mai gyaran tsohuwar mota ya cire farantin lamba ya mayar da shi a kan motar. Amma yanzu ana sayar da sabon bodin Camaro ta 1969 da na Mustang ta 1967 sukutum. Idan an canza ƙasa, da rufi, da gefe huɗu, aka bar bangon da ke tsakanin inji da direba kaɗai, wasu alƙalan baje koli za su ce gyara ne, wasu su ce sabuwar mota ce da tsohuwar lamba.