Tabarau na kare ido a gyaran mota

Tabarau na kare ido gilashi ne da ake sawa don hana ɓarɓashin ƙarfe, tsatsa, ko ruwa mai ƙuna shiga ido lokacin aiki. Yana cikin kayan aikin makanikai, haka kuma masu gyaran mota a gida don sha'awa, irin waɗanda suka yi yawa a Amurka da Turai. Su ɗin ma sun fi kasada, domin babu maigida a kansu da zai ce sai sun sa.

Galibi da roba mai tauri da ake kira polikabonet ake yin sa, wadda ba ta tarwatsewa kamar kwalba, kuma yana da kariya ta gefe. A Amurka ana gwada shi bisa ƙa'idar ANSI Z87.1, wanda aka buga wa Z87+ ya jure bugun ƙwallon ƙarfe mai kaurin milimita 6.35 a gudun kusan mita 45 cikin daƙiƙa. A Turai alamar EN 166 aka saba gani. Tabarau na likita ko baƙin gilashin ado ba sa maye gurbinsa.

Ba babban aiki ne ya fi cin ido ba. Mutum ya kwanta ƙarƙashin mota zai kwance noti ɗaya a salansa, tsatsa ta zubo masa a fuska. Idan ɗan ƙarfe ya maƙale a kan baƙin ido, cikin 'yan awoyi yakan yi zoben tsatsa, sai likitan ido ya kankare shi. Mafi muni shi ne dukan ƙarfe da guduma: ɗan tsagin da ya falle yana iya huda ƙwayar ido ya shige ciki, wani lokaci ba tare da wani zafin kirki ba, har mai shi ya ci gaba da aikinsa. Injin gurza ƙarfe da burushin waya su ma suna watsa irin wannan.

Sai kuma ruwaye. Wajen kashi ɗaya cikin uku na ruwan batir asid ne na salfa, kuma batir yana fitar da iskar haidirojin idan ana cajinsa, tartsatsi kaɗan ya ishe shi fashewa. Man birki da fetur suna ƙona ido, ruwan lagireto mai zafi yana tsartuwa idan aka buɗe murfin da wuri. A nan gilashi mai buɗaɗɗen gefe bai wadatar ba, sai wanda ke manne da fuska kewaye da ido. Idan ruwan ya riga ya shiga, ana wanke idon da ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, sannan a tafi asibiti. Ba a murza ido, ba a kuma ciro abin da ya soke shi da hannu.

Walda nata daban ne. Haskenta yana ƙona saman ido, amma ciwon ba ya tashi sai bayan awa 6 zuwa 12, shi ya sa da tsakar dare mutum yake farkawa yana jin kamar an zuba masa yashi. Hular walda ta lantarki tana ɗauke da gilashi mai lambar duhu 10 zuwa 13. Baƙin gilashin kasuwa da ake gani a fuskar wasu masu walda na bakin titi bai ko kusa da haka ba.