Waiwaye: Yadda ɗalibai mata baƙar fata suka kafa Alpha Kappa Alpha a Amurka

Lokacin da Kamala Harris ta zama mataimakiyar shugaban Amurka a 2021, an ga mata da dama sanye da tufafi ruwan hoda da kore, da sarƙar lu'ulu'u a wuya, suna murna da nasararta. Waɗannan 'yan ƙungiyar Alpha Kappa Alpha ne, wadda Harris ta shiga tun tana ɗaliba a Jami'ar Howard, kuma ita ce ƙungiyar zumunci ta farko mai suna da haruffan Girkanci da mata baƙar fata 'yan jami'a suka kafa.

An kafa ta ranar 15 ga Janairun 1908 a Jami'ar Howard da ke birnin Washington, jami'ar da aka buɗe a 1867 bayan yaƙin basasa, musamman domin ilimantar da bayin da aka 'yanta da zuriyarsu. Wata ɗaliba mai suna Ethel Hedgeman ce ta kawo shawarar, ta kuma tara ƙawayenta takwas, kafin daga bisani wasu bakwai su bi sahu. A wancan zamani mace baƙar fata da ta kai jami'a ba ta da yawa, ƙungiyoyin ɗalibai fararen fata ba sa karɓar ta, ga kuma wariyar launin fata da ta mamaye rayuwar birnin. Lucy Diggs Slowe, wadda ta fara shugabantar ƙungiyar, ita ce daga baya ta zama shugabar kula da harkokin ɗalibai mata ta farko a jami'ar.

Tafiyar ba ta yi nisa ba aka samu ɓaraka. A farkon 1913 ɗalibai 22 suka ɓalle suka kafa wata ƙungiyar mai suna Delta Sigma Theta, saboda suna son a sauya suna da alamomi a kuma ƙara tsunduma cikin fafutukar siyasa. Nellie Quander, wadda ta riga ta kammala karatu, ta ƙi amincewa da sauyin, ta jagoranci yi wa ƙungiyar rajista a hukumance ranar 29 ga Janairun 1913. A ganina wannan mataki ne ya tsara makomarta, domin ya tabbatar da cewa zama 'yar ƙungiya abu ne na har abada wanda ba ya ƙarewa da karɓar digiri. Rassan tsofaffin ɗalibai, waɗanda malamai da likitoci da lauyoyi ke cikinsu, su ne suka ɗauki nauyin mafi yawan ayyukan da aka san ta da su.

Babu aikin da ya fito da hakan fili kamar shirin kiwon lafiya na jihar Mississippi, wanda aka fara a 1935 lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Ida Jackson, shugabar ƙungiyar a lokacin kuma haifaffiyar jihar, ta ga irin halin da manoman auduga baƙar fata ke ciki, sai aka ɗora wa Dakta Dorothy Ferebee jagorancin tawagar masu aikin sa kai. Sun yi niyyar buɗe ɗakunan shan magani a wurare tsayayyu, amma masu manyan gonaki suka hana ma'aikatansu barin aiki su je. Matan ba su karaya ba, sai suka loda magunguna da allurai a motocinsu suka riƙa bin gonaki da majami'u da makarantu, suna duba marasa lafiya a gindin itatuwa. Kowane bazara suna komawa har zuwa farkon shekarun 1940, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya dakatar da aikin, kuma sun yi wa dubban yara rigakafin agana da mashaƙo, suka kuma yi maganin zazzaɓin cizon sauro da tunjere. A 1938 Norma Boyd, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, ta buɗe wani ofishi da ke bin kadin haƙƙin baƙar fata a majalisar dokokin Amurka, sannan a 1965 ƙungiyar ta karɓi ragamar wata cibiyar koya wa matasa mata sana'a a Cleveland.

Al'adun ƙungiyar sun ginu ne a kan ganyen wani tsiro mai yaɗo da ake kira ivy, wanda shi ne tambarinta kuma daga shi mujallarta ta samo suna tun 1921. Lu'ulu'u ashirin da ke jikin bajonta na tuna matan da suka kafa ta da waɗanda suka yi mata rajista, kuma duk bayan shekara biyu ana babban taro da suke kira Boule. Mambobinta sun haura 300,000, ciki har da marigayiya Katherine Johnson, masaniyar lissafi ta hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ƙungiyar kuma tana da reshe a Laberiya.

Ƙungiyar ta sha suka, kuma sukar ba ta rasa tushe ba. An daɗe ana zargin ta da fifita 'ya'yan masu hali da masu hasken fata, haka kuma azabtar da masu neman shiga ya zama tabo ga irin waɗannan ƙungiyoyi baki ɗaya. A 1990 majalisar da ta haɗa manyan ƙungiyoyin zumunci na baƙar fata ta soke tsohon tsarin gwajin sababbin shiga, sai dai rahotannin ci gaba da yin sa a ɓoye ba su daina fitowa daga wasu jami'o'i ba, lamarin da ya sa hedikwatar ƙungiyar da ke Chicago take dakatar da rassan da aka samu da laifi.