Waiwaye: yadda tsawon waya ya zama abin lissafi a harkar sigina

Masu gyaran tele da ɗaura parabol a kasuwar Katako nan Yamai sun san abin ko ba su san sunanshi ba, ka ƙara waya ko ka yi mata jone da wata irin daban, hoto ya fara daskarewa. Wani kaso na sigina ne ke isa wurin jonen ya komo baya kamar amsa-kuwwa cikin rijiya. Injiniyoyi na auna wannan komowar da desibel, in lambar ta yi yawa to kaɗan ne ya komo: desibel 20 kashi ɗaya cikin ɗari ne na ƙarfin, desibel 10 kuma kashi goma.

Maganar ta daɗe fa. A 1858 aka shimfiɗa wayar tangaraho ta farko ƙarƙashin tekun Atlantika, saƙon sarauniya Biktoriya na kalma 98 ya ɗauki wajen awa 16 kafin ya gama isa, kuma wayar ba ta yi wata guda ba ta mutu. Tun nan aka gane doguwar waya tana da halinta. Wanda ya warware lissafin shi ne Oliver Heaviside, Bature ɗan Ingila da ya koyar da kanshi, shi ya nuna sigina tafiya take kamar igiyar ruwa kuma duk inda hanya ta canza sai wani abu ya dawo, shi ma ya raɗa kalmar ampedans a 1886, wato turjiyar da hanya ke yi wa sigina, wadda ake aunawa da om. A 1939 Phillip Smith na Bell Labs ya fito da wata taswira mai da'irori wadda har yau da ita ake duba dacewar ampedans. To neman wannan dacewar ne ya sa wayar tele take om 75, ta rediyo galibi 50, ta intanet mai murɗe 100, ba don ado ba.

Da can matsalar ta masu dogayen wayoyi ce kawai. Cikin na'ura ba wanda ya damu, don USB na 1998 megabit 12 yake yi a daƙiƙa, wato bit miliyan 12 (bit shi ne ɗigon bayani guda, 0 ko 1), a kan allon na'ura sigina na cin kamar santimita 15 a nanodaƙiƙa ɗaya (kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa), kenan tsawon bit guda ya haura mita goma, mi layin santimita biyar zai yi mishi? Sai USB 3.0 ya zo a 2008 da gigabit 5, wato bit biliyan 5 a daƙiƙa, bit ya koma kamar santimita 3, a PCIe 5.0 na 2019 kuwa, hanyar da ke jona kayan cikin kwamfuta, bai kai rabin santimita ba. Yanzu ɗan ramin da ke ratsa allo ko ƙafar konekta ma dogon layi ne a wurin sigina.

Amma inda mutane ke ruɗewa shi ne suna zaton tsawo kullum ɓata komowar yake, ba haka take ba wallahi. In akwai wuri biyu da ampedans bai dace ba, abin da ya komo daga na farko da na biyu suna haɗuwa, a wani mitar (wato yawan kaɗawar sigina a daƙiƙa, da ake aunawa da megahas ko gigahas) su ƙaru, a wani mitar su kashe juna, sai awon ya riƙa hawa da sauka kamar kunyar gona, kuma tsawon da ke tsakaninsu ne ke yanke tazarar, layin santimita 15 kusan kowane megahas 500, na santimita 3 sai gigahas biyu da rabi. Ka rage layi kaɗan, wurin da ya fi muni ya gusa ya faɗo daidai mitar da kake aiki da ita, ka ƙara ɓata abin kana ganin gyara ka yi.

Doguwar waya kuma maƙaryaciya ce. Abin da ya komo sau biyu yake bin hanyar, zuwa da dawowa, kowane sawu yana raguwa, kamar rijiyoyin Azawak masu zurfi da kuwwarka ke dawowa a gajiye. Wayar da ke cin desibel 10 a tafiya ɗaya, ko ka bar ƙarshenta a buɗe ba ka jona komai ba, na'urar awo desibel 20 za ta nuna maka, lamba mai kyau, alhali babu abin da ke ɗaukar siginar a can. Ni dai a ganina duk wanda ya nuna maka awon komowa shi kaɗai bai gaya maka asarar hanyar ba, rabin labari ya ba ka. Shi ya sa ƙa'idojin yanzu irin na Ethernet ke gwada gajeren layi da dogo daban daban, gajere don amsa-kuwwa, dogo don raguwar ƙarfi.