Jini bayan ɗaukewar al'ada: eko ba ta masu ciki kaɗai ba ce

Wata dattijuwa daga unguwar Birni ta zo mana rakiyar jikarta awon ciki. Sai da ɗakin ya yi sarari ta matso, ta rage murya: "Ƴata, shekara 6 rabona da wanki, ga shi na sake ganin ɗigo a zane. Na tambayi malam, ya ce in ci gaba da salla." Na ce, "Inna, malam ya raba miki gardamar salla, saura dalilin jinin. Eko za a yi miki." Ta kama baki: "Ni da jikoki? Ciki gare ni?"

Mata da yawa a Damagaram haka suka ɗauki eko (ekogarafi, hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'ura): kayan masu juna biyu. Alhali idan mace ta manyanta, ta cika wata 12 ba ta ga al'ada ba, duk jinin da ya biyo baya ba haila ba ce, ko da sau ɗaya ne, ko ruwa-ruwa mai ɗan ja. Galibi dalilin mai sauƙi ne: fatar gaba da shimfiɗar cikin mahaifa sun yi laushi saboda shekaru, ko wani ɗan tsiro ya fito. Amma kusan mace 1 cikin 10 masu wannan jinin, kansar mahaifa ake samu, kuma wadda aka gano da wuri galibi ana warkewa. Mai ƙiba, mai ciwon suga da wadda ba ta taɓa haihuwa ba su fi kula.

Eko da sauti take aiki, ba yanka, ba allura. Akwai wadda ake gogawa a kan mara, ita tana son mafitsara cike. Wadda ta fi nuna gaskiya siririn sanda ne da ake sa wa riga, a shigar ta gaba bayan an yi fitsari. Nan kunya take hana iyayenmu, na sani. Mintoci kaɗan ne, kina lulluɓe, kuma kina iya neman mace ta tsaya tare da ke.

Likita kaurin shimfiɗar nan yake aunawa. Milimita 4 ko ƙasa, wato kamar ƙwayar dawa, da wuya a ce kansa ce. In ya wuce haka, ko jinin ya dawo duk da eko ta yi kyau, sai a ɗebi ɗan nama a kai bincike. Eko ba ta wadatar wa bakin mahaifa ba, shi sai an duba da ido.

A fara da likitar unguwa, ungozoma za ta rubuta takardar zuwa cibiyar uwa da yaro ko Babban Asibitin Zinder. A tuna ranar da jinin ya fara, a riƙo duk maganin da ake sha, har na gargajiya.