Fotokatalisis: fasa gubar ruwa da haske da garin nano

Fotokatalisis wata dabara ce a ilimin sinadarai da ake zuba wani gari mai laushin gaske a cikin gurɓataccen ruwa, a haska masa hasken rana ko na fitila, sai garin nan ya riƙa farfasa gubar da ke cikin ruwan har ta koma ruwa da iskar kabon dayoksaid da ɗan gishiri. Shi garin ba ya ƙarewa a cikin aikin, dillali ne kawai, ya haɗa ciniki tsakanin haske da guba ya koma gefe ya jira na gaba. Abubuwan da aka fi gwada shi a kansu sun haɗa da ruwan rini na masaƙu, ragowar magungunan asibiti, maganin ƙwari da na feshin ciyawa, sinadarin fenol da ake samu a ruwan matatun mai, har da ƙwayoyin cuta irin bakteriya.

Abin da ya sa masana suka damu da shi shi ne, sauran hanyoyin da muka saba da su yawanci ba sa kashe guba, wuri kawai suke sauya mata. Alam da ake sawa a ruwa ya kwanta, laka yake tarawa a ƙasa. Gawayin tace ruwa tsotse gubar yake yi ya riƙe a jikinsa, ranar da ya cika sai a fara neman inda za a zubar da shi. To shi fotokatalisis ƙwayar gubar ce yake tarwatsawa gaba ɗaya, in dai an bar shi ya kai ƙarshen aikinsa, wanda kuma nan ne gizo ke saƙa.

Garin da ake amfani da shi

Wanda ya fi kowanne suna shi ne taitaniyom dayoksaid, farin gari ne kuma ba baƙo ba ne a gidajenmu, shi ne ke sa fenti ya yi fari tas, yana cikin wasu man goge baki da man kare fata daga rana. Ba shi da tsada, ba ya narkewa a ruwa, kuma haske ba ya cinye shi. Yana zuwa a siffa uku, anatas da rutil da burukait, anatas ɗin ne ya fi ƙwazo a wannan aikin.

Maganar nano kuwa girman ƙwaya ce. In ka raba mita ɗaya gida biliyan ɗaya, kowane kaso nanomita ɗaya ke nan, kuma abin da ake kira kayan nano shi ne mai girman nanomita 1 zuwa 100. Kaurin silin gashi ɗaya ya kai wajen nanomita 80,000. Akwai wani gari da ake kira P25 na kamfanin Degussa na Jamus, wanda yanzu Evonik ke yi, kusan duk mai bincike da shi yake auna nasa garin, ƙwayarsa wajen nanomita 21 ce, kusan kashi 80 cikin ɗari anatas ragowar rutil. Giram ɗaya tak na garin nan, in za a baje fuskokin ƙwayoyinsa duka, za su rufe fili murabba'in mita 50, wato wajen mita bakwai tsawo bakwai faɗi. Tunda duk aikin a kan fuskar ƙwaya yake faruwa ba a cikinta ba, ka ga dalilin da ya sa ake wahalar niƙe shi haka.

Yadda abin ke faruwa

A cikin ƙwayar garin akwai ilektron-ilektron, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki, da ke zaune a matakin ƙasa, akwai kuma mataki na sama da babu kowa, tsakaninsu akwai rata. A anatas ratar nan ilektron-bolt 3.2 ce. In haske mai isasshen ƙarfi ya faɗo, wato mai tsawon zango ƙasa da nanomita 387, sai ilektron ya yi tsalle ya haye sama ya bar gurbinsa babu kowa. Gurbin nan mayunwaci ne, sai ya fizge ilektron daga ruwan da ke manne da ƙwayar, daga nan a samu abin da ake kira haidroksil radikal, wani gutsuren ƙwayar ruwa mai saurin kama duk abin da ya taɓa. Shi kuma ilektron ɗin da ya haye sai ya kama iskar oksijin da ke narke a ruwan ya mai da ita wani radikal ɗin, sufaoksaid. Shi ya sa ake hura iska a cikin ruwan lokacin aiki, in babu oksijin abin tsayawa yake yi.

Haidroksil ɗin nan shi ne ainihin ma'aikacin. Ƙarfin cinsa ya kai bolt 2.8, kulorin da ake sawa a ruwan famfo kuwa 1.36 ne, ozon 2.07. Ba ya zaɓe, duk ƙwayar da ya tarar mai kabon a jiki sai ya gutsure ta, wani ya zo ya ƙara gutsura, a haka har babbar ƙwayar rini ta zama ƙanana ta ƙare a kabon dayoksaid. Sai dai rayuwarsa gajera ce ƙwarai, ba ya yin nisa da inda aka haife shi, dole gubar ta matso jikin garin.

Babbar asarar ita ce yawancin ilektron ɗin da suka haye ba sa kaiwa ga yin komai, nan take suke faɗowa su koma gurbinsu, ƙarfin hasken ya tafi a ɗan zafi kawai. Kaso mai yawa na binciken da ake yi a fannin nan duk a kan yadda za a raba ilektron da gurbinsa ne su daɗe ba su haɗu ba.

Tarihi a taƙaice

Akira Fujishima, yana ɗalibi a Jami'ar Tokyo ƙarƙashin Kenichi Honda, shi ya lura a 1967 cewa taitaniyom dayoksaid na iya raba ruwa in aka haska shi, suka buga sakamakon a mujallar Nature a 1972. Su lokacin iskar haidrojin ce a gabansu, makamashi, ba wanke ruwa ba. A 1976 Carey da abokan aikinsa a Kanada suka nuna garin na fasa wasu sinadarai masu guba da ake kira PCB, a 1977 Frank da Allen Bard a Amurka suka gwada shi a kan gubar sayanaid da ke cikin ruwa. Daga nan aka buɗe ƙofa.

Matsalar hasken rana

Hasken da taitaniyom dayoksaid ke so shi ne altirabayolet, wanda ido ba ya gani, kuma bai wuce kashi 5 cikin ɗari na hasken ranar da ke iso mu ba. Duk zafin ranar Maris da Afrilu da muke kuka da shi, garin nan ɗan kaɗan yake ci a ciki. In an ce a yi da fitila kuma ga kuɗin wuta, balle mu da sai an haɗa da janareta.

An bi hanyoyi da yawa. A 2001 Asahi da abokan aikinsa a cibiyar binciken Toyota suka cusa naitrojin a cikin garin, ya koma ɗan rawaya ya fara cin hasken da ido ke gani. Wasu na ɗiga masa azurfa ko zinari ko filatinom don su riƙe ilektron. Akwai zinki oksaid, yana aiki sosai amma haske da ruwa mai tsami na cinye shi a hankali. Kadmiyom salfaid na cin hasken rana da kyau, sai dai shi kansa guba ne, an gudu ba a tsira ba ke nan. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne kabon naitiraid da ya yi suna tun 2009, babu ƙarfe a cikinsa ko kaɗan, ratarsa 2.7, kuma ana samunsa ne ta hanyar gasa yuriya a rufaffen mazubi a zafin wajen digiri 550, e, sinadarin da ke cikin takin yuriya da manoman masara ke saya, ya fito rawayan gari mara nauyi.

Mu nan Kaduna

Garin Kaduna ya san ruwan rini. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, daga baya Nortex da UNTL da Arewa suka biyo, kuma magudanan Kakuri da Makera kogin Kaduna suke faɗawa. Yawancin masaƙun sun rufe, amma masu rinin shadda na unguwa suna nan, ga mayanka, ga asibitoci, ga baƙin man garejin makanikai, ga kuma masu noman rani da ke ban ruwan alayyafo da latas a bakin kogi. Hukumar NESREA da aka kafa a 2007 ita ke da dokokin irin ruwan da masana'anta za ta saki. Wuraren da za a iya irin wannan bincike ma ba nisa, akwai cibiyar albarkatun ruwa ta ƙasa a Mando, akwai cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, NARICT, da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Amma duk wanda ya tsaya kan gada a watan Agusta ya leƙa kogin ya ga yadda ruwan ke yin ja da laka, ya san haske ba zai ratsa ko taƙi ɗaya ba. In hunturu ya zo kuma hazo ya tare rana. Ruwan rini shi ma duhu gare shi, ga gishiri da soda da ake zubawa a ciki, su kuma kulorayid da kabonet da ke cikinsu cinye haidroksil suke yi tun bai kai ga gubar ba. Don haka fotokatalisis ba shi ake fara sawa ba, sai an tace, an kwantar da laka, an bar bakteriya sun ci abin da za su iya ci, sannan a kawo shi ya ƙarasa masu taurin kan da suka rage.

Sai kuma kwashe garin bayan an gama, wanda aiki ne ja, abin da ya kai nanomita 21 ba kowane matacin ruwa ke riƙe shi ba. Wasu na manna shi a jikin gilashi ko tayil ruwan ya riƙa bi ta kai, sai dai ƙwazon ya ragu. Wasu na sa masa ƙwayar ƙarfe a tsakiya don a janye shi da maganaɗisu. A cibiyar binciken hasken rana ta Almeriya a ƙasar Sifen an daɗe ana gwada shi a bututun gilashi da aka jera kan madubai masu lanƙwasa, ruwan na zagayawa da famfo.

Launi ya tafi, guba fa?

Nan ne ake yawan ruɗar mutane. Rinin da aka fi amfani da shi a duniya shi ne dangin azo, launinsa na fitowa ne daga wani haɗin naitrojin biyu a tsakiyar ƙwayar, kuma wannan haɗin da wuri yake tsinkewa. Sai ka ga kofin gwaji ya tashi daga ja ya koma garau, a ɗauki hoto a ce an yi nasara, alhali gutsattsarin da suka rage na iya zama sinadaran amin da wasunsu ke jawo ciwon daji. Gwajin gaskiya shi ne a auna jimillar kabon da ya rage a ruwan. A ganina aikin ɗalibi da ya tsaya a kan rinin gwaji na shuɗin metilin cikin tataccen ruwa bai ce komai ba tukuna a kan ruwan kwata, don shi rinin da kansa yana cin haske ya taimaka wa garin.

Ƙarfe mai guba kuma ba ya fasuwa. Kuromiyom mai lamba shida ana iya mai da shi mai lamba uku da ba shi da illa sosai, amma dalma dalma ce, sai dai a cire ta.

Shi kansa garin ba a so ya tsere cikin kogi. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ƙurarsa a rukunin 2B, wato abubuwan da ake zargin za su iya jawo ciwon daji, ga mai shaƙa, Tarayyar Turai kuma ta hana sa shi a abinci tun 2022. Zuwa yanzu inda fasahar ta fi shiga kasuwa shi ne gilashin taga mai wanke kansa, irin wanda Pilkington ya fitar a 2001, da tayil da na'urorin tace iska. Manyan matatun ruwa da ke buƙatar haidroksil har yanzu yawanci da ozon suke samunsa, ko fitilar altirabayolet haɗe da haidrojin feroksaid.